Jan ƙarfe, nailan ko roba: wane bututu ya dace da birkin iska na tsohuwar motar soja?

Tsofaffin motocin soja da ake gwanjonsu a Turai da Amurka suna ruɗar mai saye. Mita tana nuna kilomita kaɗan, inji yana tashi da bugu ɗaya, sai mutum ya ɗauka ya tsinci dami a kala. MAN KAT1 da sojan Jamus suka fara amfani da ita a 1976, da Mercedes 1017, da DAF YA 4440 ta sojan Holan, da M35 da M939 na Amurka, duk za ka iya samun wadda ta shafe rabin rayuwarta a ajiye cikin bariki. Inji kan jure zama. Bututun birki ba ya jurewa. Roba tana tsufa ko an yi tafiya ko ba a yi ba, ruwan da ya kwana a tankin iska yana cin ƙarfe daga ciki, sannan fentin da soja ke labtawa shekara bayan shekara ya rufe duk wata tsaga. Da motar ta sauka a Kwatano ko Lome ko Legas ta kama aikin jan injin haƙa burtsatse ko dakon kaya a hanyar da babu kwalta, wurin da za ta fara kuka shi ne bututun iska.

Daga nan mai mota zai tsaya gaban zaɓi. Makaniki ɗaya zai ce a mayar da irin abin da aka tarar, wani ya ce a cire duka a zuba nailan, wani kuma ya yanko tiyon roba ya ɗaure da kilif ya ce a tafi. Ra'ayina tun daga farko shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya isa ya riƙe mota gaba ɗaya. Kowane yana da wurinsa a jikinta, kuma mafi yawan ɓarnar da ake gani tana faruwa ne idan an kai ɗaya gidan ɗan'uwansa.

Kafin a sayi ko mita ɗaya, sai an san irin birkin da motar take da shi, domin kuskure a nan yana iya cin rai. Akwai motocin da iska ce kaɗai ke aiki tun daga feda har ƙafa, irin su M939 da aka fara ƙerawa a farkon shekarun 1980. Akwai kuma waɗanda iska ke taimakawa kawai, man birki ne ke kai ƙarfi ƙafa: M35, da M809, da Mercedes 911 da 1017, da yawancin tsofaffin Unimog. A irin waɗannan, bututun iska da bututun mai suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a jikin shasi, launi ɗaya, ƙura ɗaya. Da psi ake auna ƙarfin matsi a Amurka, a Turai kuma da bar. Iskar birki ba ta cika wuce psi 125 a motocin Amurka ba, a tsofaffin motocin Turai kuma wajen bar 8. Man birki kuwa yakan haura psi 1,000 idan an taka da ƙarfi. Duk abin da zan faɗa kan nailan da roba da jan ƙarfe, na ɓangaren iska ne kawai. Layin mai sai bututun ƙarfe na birki mai baki ninki biyu, da tiyon da aka yi don man birki musamman a wuraren da ke motsi. Ka bi kowane bututu da hannu daga farkonsa zuwa ƙarshensa kafin ka yanke. Mai M35 kuma ya tuna sojan Amurka man DOT 5 na silikon suke zuba mata, wanda ba ya gauraya da DOT 3 ko DOT 4 da ke cike da kasuwa.

Bututun ƙarfe shi ne abin da za ka fi tararwa a motocin da suka manyanta. Amurkawa sun yi amfani da jan ƙarfe sosai a M35, Turawa kuma sun fi son baƙin ƙarfe mai rufin hana tsatsa. Jan ƙarfe ba ya tsatsa, zafi ba ya damunsa, ɓera ba ya cinsa, tartsatsin walda ba ya huda shi. Aibinsa jijjiga. Duk lokacin da ya lanƙwasa ya miƙe sai ya ƙara tauri, har ranar da zai tsage, kuma kusan kullum a gindin noti yake tsagewa, inda ido ba ya kaiwa da sauri. Motar da ke bin hanya mai gargada kullum tana gaggauta masa wannan tsufa, musamman idan kilif-kilif ɗin da ke riƙe shi sun zube. Baƙin ƙarfe ya fi jure jijjiga, amma tsatsa tana cinsa daga ciki, ɓarɓashinta ya bi iska ya shiga bawul. Sau da yawa bawul ɗin da ake ta canzawa yana sake zuba ba shi ne mai laifi ba, bututun da ke ba shi iska ne ke aiko masa da ƙasa. Ga tsada kuma, ga wahalar aiki: lanƙwasa jan ƙarfe mai rabin inci ba tare da ya murɗe ba sai da kayan aiki da hannun da ya saba. Wanda ake sayarwa don na'urar sanyaya ɗaki kuwa, wani siriri ne ƙwarai, wani ma alminiyum ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ka yanki guntun tsohon ka tafi da shi kasuwa ka gwada kaurin bangonsu ido da ido.

Duk da haka akwai wurin da ƙarfe ba shi da abokin takara, wato daga bakin kwamfuresa zuwa diraya, na'urar da ke cire ruwa daga iska, ko tanki na farko. Iskar da ke fitowa daga kwamfuresa tana iya haura digiri 150 idan yana aiki ba hutu. Wannan bututu aiki biyu yake yi, yana kai iska yana kuma sanyaya ta, shi ya sa za ka ga masu ƙera motar sun yi shi dogo, wani lokaci har da naɗi. Kada a gajarta shi don a rage kuɗi. Iskar da ta isa diraya da zafi ba ta sakin ruwanta, sai ta wuce da shi tankuna. Idan ana son sassauci tsakanin inji mai rawa da shasi, akwai tiyon tefulon mai saƙar farin ƙarfe a bayansa, wanda aka yi don wannan wuri musamman. Wani abu da ake mantawa: tsohon kwamfuresa mai tofar da mai yakan toshe wannan bututu da baƙin gawayi. Idan iska na jinkirin cika alhali babu zuba, a kwance shi a leƙa.

Nailan shi ne abin da manyan motoci na zamani suke amfani da shi a kusan dukkan jikin shasi, kuma a ganina shi ne ya cancanci kaso mafi girma na aikin. Ba ya tsatsa, jijjiga ba ta taurara shi, cikinsa sumul yake, ba shi da nauyi, kuma za ka ja shi daga tanki har bawul na baya a yanki ɗaya babu haɗi. Kowane haɗin da ka rage, ka rage wurin zuba. Kuɗinsa a mita bai kai na jan ƙarfe ba ko kusa, kuma yaron mota mai hankali zai iya koyon aikinsa a yini.

Sai dai ba kowane bututun leda ne na birki ba, kuma nan kasuwa take cutar mutane. Na gaske yana ɗauke da rubutu a jikinsa daga farko har ƙarshe. Na tsarin Amurka za ka ga SAE J844 da alamar DOT. Ƙananansa, irin kwatan inci, bango ɗaya ne, daga inci 3/8 zuwa sama kuma akwai zaren ƙarfafawa tsakanin bango biyu. Na tsarin Turai za ka ga DIN 74324 ko DIN 73378 ko ISO 7628, da irin nailan ɗin, PA12 ko PA11, da girma irin 8x1 ko 12x1.5, wato faɗin waje da kaurin bango a milimita. An yi su su jure zafin da ya kai wajen digiri 90. Shuɗin tiyo mai laushi da ake sa wa injinan masana'anta da na masu faci abu ne daban. Yana riƙe iska a inuwa, shi ya sa yake yaudara. A ƙarƙashin mota cikin zafin Afrilu na Sakkwato ko Agadas, ga kwalta tana huci ga inji yana huci, sai ya yi laushi ya kumbura ya zame daga mahaɗinsa. Idan mai shago a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya ce maka duk ɗaya ne, ka nemi ya nuna maka rubutun.

Na gasken ma yana da maƙiyansa. Salansa ce ta farko: a nisanta shi da ita, inda dole ya gifta kuma a sa farantin kariya ko a bar wannan yanki ƙarfe. Ruwan batir yana cinsa, kuma a motocin soja akwatin batir yakan zauna daidai kan hanyar bututu. Mai walda da zai yi aiki a shasi ya rufe shi tukuna, domin tartsatsi ɗaya ya isa. Gogayya da gefen ƙarfe tana huda shi a hankali, saboda haka duk inda ya ratsa rami a shasi a sa masa zoben roba, a kuma ɗaure shi a kai a kai kada ya riƙa lilo. Ba a matsa masa lanƙwasa. Da zarar ya karye ya yi fari a gwiwa, wannan wuri ya mutu, ko ka miƙar da shi sai an yanke. Yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, don haka ba a ja shi tamau. Inda rana ke dukansa, baƙi ya fi masu launi daɗewa.

Roba kuwa maganarta gajera ce. Wurinta shi ne duk inda abu biyu ke motsi dabam: daga shasi zuwa aksil, zuwa tukwanen birki na ƙafafun gaba masu juyawa, ƙarƙashin kan mota mai kifewa, da layin tirela. Motar soja aksil ɗinta yana hawa da sauka fiye da na motar kwalta, nailan ko jan ƙarfe a wannan wuri ba za su kai labari ba. Tiyon da ya dace yana ɗauke da SAE J1402 ko DIN 74310, kuma an fi son wanda aka matse bakinsa da inji. A auna tsawonsa lokacin da aksil ya sauka iyakarsa kuma an juya sitiyari har ƙarshe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shimfiɗa roba a duk tsawon shasi don kawai ita ce a kusa: ta fi nailan tsada da nauyi, ta fi shi saurin tsufa, mai da zafi suna cinta. Tsohuwar roba kuma tana da wata muguwar cuta. Bangonta na ciki yakan saɓule ya zama kamar harshe, iska ta shiga ta kasa fita. Sai ka ga ƙafa ɗaya tana riƙe birki tana zafi, a waje kuma tiyon lafiya lau. Saboda wannan, a motar da ta haura shekara talatin, ni ba na ɓata lokaci wajen tantance wace roba ce ta mutu wace ce da saura. A canza su duka, dama da hagu tare.

Wurin da aka fi yin asara shi ne girma da tiredi, wato haƙoran da noti ke hawa. Motar Amurka da inci take aiki, ta Turai da milimita, kuma lambobin sun yi kusa da juna har su ruɗi ido. Kwatan inci milimita 6.35 ne, ba 6 ba. Inci 3/8 milimita 9.5 ne, ba 10 ba. Rabin inci 12.7 ne, ba 12 ba. Bututun milimita 12 zai shiga mahaɗin rabin inci salin-alin, ya riƙe iska a gareji, ya fice a gangara. Inci 5/16 da milimita 8 ne kaɗai suka kusa zama ɗaya. Haka tiredi: na Amurka, NPT, tsukakke ne, yana toshe iska da matsewar haƙoransa. Na Turai, irin M12, M14, M16 da M22 masu tazarar haƙora milimita 1.5, miƙaƙƙe ne, washa ko zoben roba ne ke toshe masa iska. NPT na kwatan inci zai kama ramin M14 ya yi zagaye biyu ko uku kamar gidansa ne. Mai ƙarfin hannu ya ƙara sifana, jikin bawul na alminiyum ya tsage, bawul ɗin da wataƙila sai an aika kasuwar Ladipo ta Legas ko ƙasar waje kafin a samu. Mai M35 ko M939 a yankin da kayan DAF da MAN da Mercedes suka cika kasuwa yana da hanya biyu: ya yi odar bututu da mahaɗan inci da yawa ya ajiye, ko ya sa mahaɗai masu tiredin NPT a gefe ɗaya da bakin milimita a ɗayan, ya mayar da layukan gaba ɗaya milimita. Ga motar da za ta yi aiki a daji nesa da gari, na fi karkata ga ta biyu, domin bututun 8 da 12 ana samunsu kusan duk inda tireloli ke tsayawa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne rabi da rabi ba tare da an rubuta ba.

Faɗin ciki shi ake kiyayewa. Idan aka ƙanƙanta bututu, birkin wannan aksil zai makara wajen kamawa da wajen saki. Idan aka faɗaɗa layin da ke kai saƙo daga feda zuwa bawul na baya, shi ma yana iya makara domin sai ya cika tukuna. Bangon nailan ya fi na jan ƙarfe kauri, don haka girma ɗaya a waje ba ya nufin girma ɗaya a ciki. Gwiwar tagulla mai kwana tana rage gudun iska fiye da doguwar lanƙwasa, kada a ƙara ta inda babu ita a da. Layin dama da na hagu a aksil ɗaya su zama tsawo ɗaya.

Mahaɗai iri biyu ne ke takara. Akwai na noti da zobe, akwai na turawa, wanda kake cusa bututu ya kama da kansa, irin na kamfanonin Voss da Raufoss da ke jikin motocin Turai. Na turawa yana da sauri, yana da daɗin aiki a lungu, kuma na gaskensa abin dogaro ne. Amma rayuwarsa tana kan ɗan zoben roba guda, yana son bututun da aka yanka daidai babu ƙarzuwa, kuma idan ƙurar hunturu da laka suka cika bakinsa, cire shi da mayarwa sai an yi da gaske. Na noti yana cin lokaci, amma sifana biyu sun ishe shi, kuma idan ya fara tsiyaya ana iya ƙara masa kwatan zagaye. Ga motar daji, ni na noti nake zaɓa a ƙarƙashin shasi, na turawa kuma a cikin kan mota bayan gejoji inda babu ƙura kuma hannu ba ya shiga. Kowanne ka ɗauka, na tagulla ne da aka yi don birki. Na roba fari ko shuɗi na injinan masana'anta ba ya cikin lissafi. Nailan kuma dole a cusa masa ɗan bututun tagulla a baki ya tokare shi daga ciki, in ba haka ba zobe zai murƙushe shi. Noti da zoben bututun jan ƙarfe ba su ne na nailan ba, a sayi saitin nailan. A yanka da wuƙar yankan bututu, zarto yana barin gari a ciki. Farin tef na masu famfo kuma guntayensa sukan tsinke su maƙale a bawul. Ga NPT man toshe tiredi ya fi, a bar haƙora biyu na farko babu komai.

To, faci ko sabuntawa? Idan dutse ne ya fasa layi ɗaya a motar da sauran layukanta ke da rai, a yanke wurin a sa mahaɗi, magana ta ƙare. Idan kuwa tsufa ne, layin da ya fashe yau yana da 'yan'uwa da aka sa rana ɗaya da shi. Wanda aljihunsa bai kai ya yi duka lokaci guda ba, ga jerin da zan bi: robobin ƙafafu tukuna, sannan bututun kwamfuresa, sannan manyan layukan tankuna zuwa bawul ɗin feda da na baya, ƙananan layukan geji da hon a ƙarshe. Layi ɗaya ake cirewa a mayar kafin a taɓa na gaba, a ɗauki hoto da waya kafin a kwance. Bawul ɗin kamfanonin Wabco da Knorr suna da lambobi a jiki da ke taimakawa ƙwarai: 1 mashigar iska, 2 mafita, 3 inda take hucewa waje, 4 layin saƙo. A bawul mai raba iska gida huɗu za ka ga 21, 22, 23 da 24, kuma 21 da 22 su ne layukan birki biyu da aka raba don in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. Makanikin da ya haɗe su wuri ɗaya don ya huta ya kashe wannan kariya. A bakin haɗin tirela, ja shi ne mai ba da iska a ko'ina, na saƙo kuwa shuɗi ne a Amurka, rawaya a Turai.

Ba a kwance komai sai an sa waigi gaba da baya an kuma zubar da iskar tankuna duka. Tukunyar birki mai sifirin a ciki, wadda ke kama mota idan iska ta ƙare, ba a buɗe ta da wasa. Sifirin ɗin yana da ƙarfin da zai kashe mutum, sai an ɗaure shi da ƙusarsa ta musamman. M35 ba ta da irin wannan tukunya, saboda haka idan iskarta ta gudu babu abin da zai kama ta da kansa, feda ce kawai za ta yi tauri birki ya yi rauni.

Bayan aiki a cika iska har kwamfuresa ya yanke, a kashe inji, a zuba wa geji ido minti ɗaya. Ƙa'idar da ake gwada direbobin manyan motoci da ita a Amurka ita ce kada mota marar tirela ta zubar da fiye da psi 2 a minti idan an saki birki, ko psi 3 idan an taka an riƙe, wato kusan bar 0.2. Mai tirela ana ƙara mata psi 1 a kowanne. Ƙararrawar ƙarancin iska ta yi kuka a wajen psi 60, kada a yarda a tsinke wayarta don ta dami direba. Sannan a bi kowane haɗi da ruwan sabulu, sau ɗaya da birki a sake, sau ɗaya wani yana take da shi, domin layukan saƙo ba sa ɗaukar iska sai an taka.

Sabon bututu ba zai hana ruwa taruwa ba. Da yawa daga tsofaffin motocin nan babu diraya a jikinsu, sai ɗan tulun sinadarin hana ƙanƙara da aka yi don sanyin Turai, wanda ba ya cire ruwa ko ɗigo. Tunda an riga an kwance layin kwamfuresa, wannan ne lokacin da ya fi sauƙi a dasa diraya irin ta DAF ko MAN, wadda tulunta mai tiredin M39 yake samuwa a kasuwa. Ko da ita, a riƙa jan bawul ɗin gindin tanki kowace yamma, musamman da damina. Ruwa kaɗan ba abin tsoro ba ne. Idan baƙin mai ne ke fita mai kauri, kwamfuresa ne ya gaji, kuma zai lalata sababbin robobin da ka saya. A akwatin kayan aiki kuma a ajiye mita biyu ko uku na kowane girman bututun da ke jikin motar, da mahaɗan tsakiya biyu-biyu, da wuƙar yanka, da tiyon ƙafa guda na gaba da guda na baya, da 'yan murafun toshe rami masu tiredin motarka.